Ɗakin siminti da sanyin hunturu: tayil, kafet ko tabarma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na gina ɗaki da bulo, na yi rufin kwano, na zuba siminti a ƙasa. Da hunturu ya kama sai ga shi ya fi tsohon soron da muka baro sanyi, yara suna kwana tari. Wani ya ce in sa tayil, wani ya ce kafet. Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne. Wanne zan saya? Daga wani magidanci a karkarar Ringim.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yara lafiya. In don sanyi ne, kada ka sayi tayil. Tayil yana da kyan gani da sauƙin shara, amma wajen zuƙe ɗumin jiki shi da siminti jirgi ɗaya ya kwaso su. Da ka taka da asuba za ka ji sanyi ya ratsa ka har tsakar ka, domin ɗumin tafin ƙafarka ne ke tsere cikin daɓen da sauri. To, ka ƙiyasta yaron da ya kwana a kai tun bayan isha'i, tsakaninsa da siminti sai 'yar tabarmar roba.

Abin da ke riƙe ɗumi shi ne iskar da ta maƙale cikin abin shimfiɗa ba ta motsi. Tabarmar kaba tana da ita tsakanin saƙarta, kwali yana da ita cikin ramukan nan na tsakiyarsa, ledar ƙasa kuwa ba ta da ko kaɗan, kare ƙura kawai take yi. Saboda haka ka samo manyan kwalaye wurin masu shago, ka buɗe su ka jera biyu ko uku a inda yara ke kwana, ka ɗora tabarmar kaba mai kauri, sannan katifa ko darduma. Ba sai ka rufe ɗakin duka ba. Amma duk mako a ɗaga a share, a shanya a rana, don gara tana son kwali, kunama kuma tana son maɓoya.

Ina nacewa kan shimfiɗar da ake naɗewa ne saboda yanayinmu. A ƙasashen Turai, inda ake ɗumama gida kusan rabin shekara, binne soso ake yi ƙarƙashin daɓe tun wajen gini, kuma kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Mu nan Kano da Jigawa tsananin sanyi daga Disamba ne zuwa Fabrairu. Afrilu na zuwa zafi yana kai digiri 40, a lokacin kuwa wannan simintin da ake kuka da shi, shi kowa zai riƙa nema ya kwanta a kai. Abin da ka manne da gam, kamar kafet, ko ka binne, ba za ka iya janye shi da bazara ba.

Kuɗin tayil ɗin, ni da zan ba ka shawara, silin za ka yi da su. Iska mai ɗumi sama take tashi, kwano kuma ba ya riƙe komai. Shi ya sa soro mai azara da ƙasa mai kauri ya fi sabon ɗakinka ɗumi da dare, ya fi shi sanyi da rana. Silin zai amfane ka rani da damina. Kafin nan, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a rataya labule mai kauri a taga.

Tambaya: Za mu yi wa 'yata ɗaki. Maigida yana son siminti, ni ina son daɓe irin na da. An kuma ce in aka zuba buntun shinkafa a ƙasa kafin siminti ɗaki yana ɗumi. Gaskiya ne? Daga wata uwa a wajen Kura.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Wajen ɗumin ƙafa kin fi maigida gaskiya: daɓen da aka buge da kyau, aka shayar da shi ruwan makuba, ba ya cizon ƙafa kamar siminti. Sai dai yana son gyara, kuma masu iya shi sun yi ƙaranci, amarya ma wataƙila siminti take so. Buntu yana tare sanyi, ba ya saurin ruɓewa, ga shi ana samunsa a injinan casa na wajenku. Amma kada a zuba shi tsurarsa ƙarƙashin siminti, zai lotsa daɓen ya tsage. A ɗura shi cikin buhu, a ɗinke, a baje shi ya kwanta, a sa ƙarƙashin katifa. Abin da zan roƙa a yi tun wajen gini, musamman a yankin fadama irin naku: a cike ɗakin ya ɗara tsakar gida tsayi, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba siminti. Ƙasa mai danshi ta fi busasshiya jan ɗumi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Tsohuwarmu ba ta barci sai da kaskon gawayi a ɗaki, ga gawayi ya yi tsada. Akwai dabarar da wuta za ta kai asuba da gawayi kaɗan? Daga wani matashi a Gumel.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah tun daren yau a daina. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a ganinta, kuma tana kashe mutum yana barci. Lulluɓe garwashi da toka don ya daɗe ba ya rage haɗarin. A ɗumama ɗakin da magariba ƙofa a buɗe, kafin Inna ta kwanta a fitar da kasko waje. Nan ma ka rage kuɗin gawayi. A ɗauke ta daga ƙasa zuwa gado, ko da na kara ne, a sa bargo ɗaya a ƙarƙashinta ɗaya a sama, da safa da hular sanyi. A zuba ruwan ɗumi a kwalba, a rufe gam, a naɗe da zane a ajiye wajen ƙafafunta. In kun shimfiɗa kwali ko buhun buntu, ko fitilar ƙwai kada ta kusance su.

In wani ya tashi da ciwon kai, jiri ko amai a ɗakin da aka kwana da wuta, a fito da kowa sarari nan take, a buɗe ƙofa da taga, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a kuma faɗa wa likita cewa da gawayi aka kwana.