Amsa: Daga ina kalmar aljabara ta samo asali?

Malam, ka tambaya ko aljabara da ake koya wa yaranmu a sakandare kalmar Turawa ce ko ta Larabawa. Ta Larabawa ce. Asalinta "al-jabr", wato ɗori, haɗa abin da ya karye ya koma yadda yake. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai tuna "jabira", karan ɗorin da ake shafa a kansa wajen alwala, tushensu ɗaya. Ta shiga lissafi ne ta littafin da Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, mai ɗauke da "al-jabr wal-muƙabala" a sunansa. Da Robert na Chester ya fassara shi zuwa Latin a 1145, sai kalmar ta bi shi Turai. A Sifaniya ma an daɗe ana kiran mai ɗori "algebrista".

Sai dai a kula, sunan ne na Larabci, ilimin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Mutanen Babila suna warware irin waɗannan matsaloli a kan allunan yumɓu tun kusan shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ni da nake koyarwa, na ga amfanin sanin asalin. Nakan rubuta x − 3 = 7 a allo, in ce wa yara ɓangaren hagu ya karye, ya rasa 3, ku ɗora masa. Sai mu ƙara 3 hagu da dama, 10 ta fito. Wata yarinya da ke ɓuya a bayan aji duk ranar lissafi, ran nan ita ta fara ɗaga hannu, wallahi har na ji ƙwalla.