Wane tsuntsu ne wannan mai kaɗa bindi a bakin kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a Mai Wurno, kusa da Sinnar, a ƙasar Sudan. Idan ruwan kogin Nilul Azrak ya ja baya da kaka, nakan ga wani ƙaramin tsuntsu shi kaɗai a kan laka, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari, bindinsa kuwa ba ya daina hawa da sauka. Da bazara sai ya ɓace. Wane tsuntsu ne, kuma ina yake tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Siffofin da ka kawo sun dace da tsuntsun da masana ke kira Actitis hypoleucos, wanda tsawonsa santimita 18 zuwa 20 ne, nauyinsa kuma kimanin giram 40 zuwa 60, wato bai kai kurciya ba.

Kaɗa bindin nan babbar alama ce, amma kada ka tsaya a kanta. Ka dubi gefensa da kyau: farin cikin nan yakan kutsa sama tsakanin ƙirji da kafaɗar fiffike. Sannan ka jira ya tashi, domin a ganina nan ne shakka take yankewa. Yana bi dab da ruwa, fukafukansa a tanƙware ƙasa, ya karkaɗa su da sauri, ya ɗan sake, ya kuma karkaɗa, ga farin layi a tsawon kowane fiffike, yana siririn kuka "twi-wi-wi". Idan ka ga mai doguwar ƙafa rawaya-rawaya da ɗige-ɗige a baya, wannan ɗan'uwansa ne, Tringa glareola.

Ɓacewar da ka lura da ita ƙaura ce. A watannin Afrilu da Mayu yakan nufi arewa, ya ƙetare hamada da teku zuwa Turai da arewacin Asiya, har cikin Rasha, inda macen takan saka ƙwai 4 a ƙasa, kusa da rafi. Yakan fara dawowa tun watan Agusta, sai dai a lokacin kogi ya cika, shi ya sa ka fi ganinsa bayan laka ta bayyana, yana tsintar ƙwari da tsutsotsi.

Ina roƙonka ka hana yara harbinsa da danƙo, domin dubban kilomita ya yiwo kafin ya sauka a gaɓarku, kuma ba ya taɓa amfanin gona. Idan kana son ƙare masa kallo, ka zauna shiru da sassafe, rana tana bayanka, zai matso da kansa.