Ƙaramin gida a bayan gida: je ofis tukuna kafin ka nemi mai zanen gini

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa kana da sarari a bayan gidanka, kana so ka yi wa mahaifiyarka ciki da falo da banɗaki da ɗan kicin, kuma ɗan kwangilarka ya ce tunda filin naka ne a fara kawai, takarda ta biyo baya. Allah Ya saka maka da alheri kan wannan niyya, Ya ƙara wa Mama lafiya. Na yi irin wannan ginin a bayan gidana, na kuma raka wasu 'yan'uwa da suka yi nasu, don haka ga abin da na gani. Amsar a taƙaice ita ce kana buƙatar izini, kuma kada ka bari a haƙa ko da taku ɗaya kafin ya fito.

Mallakar fili daban, izinin abin da za ka ɗora a kansa daban. Abin da ke ruɗa mutane shi ne a wurare da yawa ana barin mutum ya yi sito ko rumfa a bayan gida ba tare da dogon turanci ba, sai su ɗauka ɗakin kwana ma haka yake. Ina! Da zarar gini ya samu kicin da banɗaki da ƙofar kansa, har mutum zai iya kwana ya tashi a ciki bai leƙa babban gida ba, to a idon hukuma ya zama gida na biyu. A Ingila, alal misali, an yarda ka yi ɗan gini a bayan gida ba neman izini muddin gine-ginen ba su cinye fiye da rabin harabar ba, kuma tsayinsa bai wuce mita 2.5 ba idan yana cikin mita 2 daga iyaka. Amma wannan sassaucin bai shafi wurin zama mai cin gashin kansa ba. Ka kuma sani galibi amincewa iri biyu ce: ɗaya ta masu tsara gari, su ne ke cewa ina za a gina, girman nawa, tsayi nawa, ɗayar ta masu duba ingancin gini, su ne ke kallon tushe da rufi da wayoyin wuta da hanyar tsira idan gobara ta tashi. Samun ɗaya ba ya nufin ka samu ɗayar.

Kafin ka biya mai zane ko sisi, ɗauko takardar mallakarka ka karanta ta har ƙananan rubutun. Wata takardar a fili ta ce gida ɗaya tak aka yarda a filin. Wata kuma za ka ga an ware wani zirin ƙasa a jikin katangar baya saboda bututun ruwa ko magudana ko wayar lantarki. Ƙasar taka ce, amma ba ka da ikon ɗora gini a kai. Idan da bashin banki a kan gidan, su ma suna da bakin magana. Idan kuma rukunin gidaje ne mai ƙungiya da dokokinta, duba nasu sharuɗɗan.

Daga nan sai ofishin tsara gari, da lambar filinka da taswirarsa a hannu. Ba neman izini za ka je ba tukuna, tambaya za ka je yi. An yarda da gida na biyu a wannan yankin? Iyakar girmansa nawa? Tazara nawa za a bari daga kowace iyaka, da kuma tsakaninsa da babban gida? Kashi nawa na filin aka yarda gini ya rufe? Sai an ƙara wurin ajiye mota? Lokacin da na je nawa, jami'in ya shimfiɗa taswirar a kan tebur, ya ɗora rula, ya riƙa jan layi da fensir yana shafe gefe-gefe: nan tazarar baya, nan ta gefe, nan hanyar bututu, nan kuma ratar da za a bari tsakanin gine-ginen biyu. Da ya ɗaga hannu, ɗan akwatin da ya rage fari a tsakiya bai kai rabin abin da ido ke gani ba idan ka tsaya a bayan gidan. A cikin wannan akwatin ne za a zana gidan Mama, ba a cikin sararin da kake hange ba. Duk abin da aka faɗa maka, roƙi a rubuta maka, ko a nuna maka sashen dokar ka ɗauki hotonsa, domin wanda ka samu yau ba lallai shi zai duba takardunka gobe ba.

Don ka ga yadda lambobin ke bambanta: a jihar Kalifoniya ta Amurka, dokokin da suka fara aiki a 2017 aka kuma ƙarfafa su a 2020 sun tilasta wa ƙananan hukumomi su bar mai gida ya gina ƙaramin gida aƙalla mai faɗin ƙafa murabba'i 800, wato kusan mita murabba'i 74, da tazarar ƙafa 4 kacal daga gefe da baya. Ba a karɓar kuɗin da hukuma ke sa wa sabon gini saboda nauyin da zai ƙara wa ababen more rayuwa idan ginin bai kai ƙafa murabba'i 750 ba, kuma ba a neman wurin mota idan gidan yana cikin rabin mil daga tashar motar haya ko jirgin ƙasa. A jihar New South Wales ta Ostareliya kuwa, tun 2009 akwai hanyar amincewa ta gaggawa, amma ginin ba zai wuce mita murabba'i 60 ba, filin kuma sai ya kai mita murabba'i 450. Kada ka ɗauki waɗannan ka je kana musu da jami'in garinku; na kawo su ne don ka san irin tambayoyin da za ka yi.

Bayan ofis, kira safiyo ya tabbatar da iyakokinka. Katanga ba iyaka ba ce. Sau da yawa wanda ya gina ta ya shiga ko ya fita da taku ɗaya ko biyu, kuma hukuma daga iyakar takarda take auna tazara, ba daga bulon da ke tsaye ba.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka natsu: ruwan banɗaki. Kowa hankalinsa na kan tayil da fenti, alhali abin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ke yanke hukuncin inda ginin zai zauna da abin da zai ci. Ƙazamin ruwa ba ya hawa tudu. Bututun yana son gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita, don haka idan tsakanin sabon banɗakin da inda za a haɗa shi mita 30 ne, sai bututun ya sauka santimita 60 kafin ya isa. Na tsaya a kan mai aikin famfo ranar da ya ɗaga murfin ramin duba bututu, ya zura awo har ƙasa, ya ɗago ya dubi bayan gidan da ke ɗan kwari, ya girgiza kai. A namu dai da ƙyar lissafin ya fita, sai da aka ɗaga daɓen ginin aka matso da banɗakin kusurwar da ta fi kusa. Wanda nasa bai fita ba, sai dai injin tura ruwa, shi kuma yana son wuta da gyara har abada. Idan kuma ba ku kan babbar magudanar gari, shadda da sokawe kuke amfani da su, to a wurare da yawa da yawan ɗakunan kwana ake auna girmansu. Ƙarin ɗaki ɗaya na iya sa a ce sai ka faɗaɗa ko ka haƙa sabo, kuma shi ma yana da tazararsa daga tushen gini da rijiya. Sai ka ga ɗan akwatin nan ya ƙara tsukewa. Wutar lantarki ma ka tambaya tun yanzu: layin da ya shigo gidan zai ɗauki ƙarin na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama ruwa? Mita ɗaya za a yi ko biyu? Kamfanonin wuta da ruwa suna da nasu layin jira, ba ruwansu da saurinka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai a nan ne mai zane zai shigo, kuma ka nemi wanda ya saba kai takardu wannan ofishin, ya san abin da suke mayarwa. Tunda don dattijuwa ake yi, ka dage a kan ƙofofi masu faɗin kusan santimita 90, daɓe ɗaya ba hawa ba sauka, wurin wanka ba tare da dakali ba, da bango mai ƙwarin da za a kafa ƙarfen dafawa. Idan dole a ɗaga ginin, a yi gangara mai sauƙi, duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon 12. Ko yau Mama na tafiya da ƙafarta garau, yin haka a takarda kusan kyauta ne, a siminti kuwa sai an fasa. Tagogi kuma a kula: bangon da ya matsu da iyaka akan hana shi taga ko a taƙaita ta saboda gobara, ga kuma maƙwabcin da ba zai so a riƙa leƙa masa tsakar gida ba. Ni shawarata ka shiga wurin maƙwabtan da zanen a hannunka kafin su ji ƙarar tifa. Mafi yawan ƙorafin da ke tsayar da gini daga wanda bai ji daga bakinka ba yake fitowa.

Wani zai ce maka sayi ginin da aka haɗa a masana'anta ko kwantena, ai ba ya son izini. Muddin za a zauna a ciki a jona masa ruwa da wuta, yawancin hukumomi gida suke ɗaukarsa.

Da ka miƙa takardu, sa ran za a dawo da su da gyare-gyare. Wannan ba ƙi ba ne, haka aikin yake. Ko a Kalifoniya da doka ta ba hukuma kwana 60 ta yanke hukunci, lissafin ba ya farawa sai takardun sun cika. Don haka karɓi jerin abin da suke so tun farko, ka cika shi tas, ka riƙe rasit da kwafin komai.

Izini ya fito ma ba a gama ba. Akwai matakan da mai duba gini zai zo ya gani da idonsa: ramin tushe da rodi kafin a zuba kankare, bututu da wayoyi kafin a rufe su. Idan aka rufe bai gani ba, yana da ikon cewa a fasa. Shi ya sa na ɗaure biyan ɗan kwangila da waɗannan matakan, sai an sa hannu sannan kuɗi ya fita. A ƙarshe ka karɓi takardar shaidar kammalawa. Shi da ya ce maka a fara takarda ta biyo baya, ba sunansa za a rubuta a takardar dakatarwa ko tara ko umarnin rushewa ba, naka ne. Kuma ginin da ba shi da izini yakan tashi da magana ranar da za a sayar da gidan, ko a nemi bashi da shi, ko a nemi diyya wurin inshora.

Abu na ƙarshe, tunda ka ce wataƙila can gaba ɗanka ya zauna a ciki ko ka sa haya: faɗi haka a ofis tun yanzu. Wani izinin na ɗan'uwa ne kawai, wani kuma sharaɗinsa mai gida ya kasance yana zaune a ɗaya daga cikin gidajen biyu. Galibi ba a yarda a yanke ƙaramin a sayar da shi daban ba, kuma harajin gida na iya ƙaruwa. Idan ka je ofis ka dawo, turo mana tsawo da faɗin sararin, da tazarar da suka ce a bari, da zurfin ramin bututunku, sai mu taya ka lissafin abin da zai shiga.