Tambaya da Amsa: Muna so mu buɗe gidan kula da tsofaffi a Aboabo, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata ƙungiyar mata masu adashi a Aboabo, cikin Kumasi, a ƙasar Gana. Akwai wani tsoho mai gadin shaguna da ya yi shekara da shekaru yana kwana a barandar masallacin layinmu, kuma da ƙafa ta gaza mu muka riƙa kai masa koko da ƙosai har Allah ya karɓi ransa a daminar bara. Babu wanda ya san garinsu. Tun daga ranar muke shawarar buɗe gida domin ire-irensa, har wani bawan Allah ya yi alkawarin ba mu fili, amma wasu suna cewa gidan tsofaffi al'adar Turawa ce, kuma abin kunya ne ga Musulmi. Ta ina za mu fara, kuma me ya kamata gidan ya riƙa yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙansa, ya saka muku da alheri.

Masu maganar kunya suna da gaskiya ta fuska ɗaya, domin wanda yake da hali ya ɗauki mahaifinsa ya kai wa wasu ya saɓa wa abin da aya ta 23 cikin Suratul Isra'i ta umarta game da iyayen da tsufa ya cim musu. Sai dai tsohon da kuka ciyar ba shi da ɗan da zai ji wannan kunyar. Zangunanmu cike suke da mutanen da suka gangaro daga arewa, daga Nijar da Burkina Faso, suka ƙarar da ƙarfinsu a gonakin koko ko ramukan zinariya na Obuwasi, wasu kuma dokar korar baƙi ta 1969 ta raba su da danginsu ba su sake haɗuwa ba. A da maigida ne ke sauke baƙo, ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Yau ɗakunan baƙin sun koma na haya. Abin da kuke shirin yi ci gaban wancan aikin na maigida ne. Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi, tunda ƙidayar 2021 ta nuna 'yan shekara 60 zuwa sama a Gana sun kusa miliyan 2.

Shawarata ita ce kada ku fara da gini. Gini sau ɗaya ake yinsa, kuma mutane suna son ba da siminti saboda ana ganinsa, amma tuwon kullum da kuɗin magani da albashin mai jinya ba su yankewa, kuma su ne ke durƙusar da irin wannan aiki. Ku fara da zagayawa tare da limamai da masu unguwa, ku rubuta tsofaffin da ba su da kowa, ku bambanta wanda abinci da ziyara kaɗai yake bukata da wanda ba ya iya tashi. Za ku tarar cewa da yawansu sun fi son zama a ɗakinsu, kusa da masallacin da suka saba, in dai za a leƙa su kullum. Ku yi shekara guda kuna wannan hidima, sannan ku kama gida mai ɗaki uku ko huɗu domin waɗanda jikinsu ya yi nauyi, maza daban mata daban.

Ta fuskar hukuma, ku yi wa ƙungiyar rajista a ofishin rajistar kamfanoni a matsayin wadda ba ta neman riba, ku gabatar da kanku ga ofishin gundumarku na Sashen Jin Daɗin Jama'a, sashen da ke riƙe da gidan gajiyayyu na gwamnati da ke garin Bekwai, kudu da Kumasi, kuma yana da kyau ku je can ku gani da idonku. Idan za a riƙa jinya a gidan, sai kun nemi lasisin HeFRA, wato hukumar da ke sa ido kan asibitoci da wuraren jinya. Filin kuma a rubuta shi waƙafi da sunan ƙungiyar, gaban shaidu, kada magada su taso bayan ran mai kyautar. Ku kuma raba asusu biyu, domin malamai da yawa suna ganin zakka haƙƙin fakirai da miskinai ce da za ta shiga hannunsu, don haka a yi gini da sadaka da waƙafi, a tambayi malami yadda za a sarrafa zakkar wajen ci da magani.

Akwai haƙƙoƙin da tsofaffinmu suke asara saboda rashin mai tsaya musu. Wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta ƙasa, kuma shirin LEAP, wanda aka fara a 2008, yana tallafa wa matalauta 'yan shekara 65 zuwa sama da ba su da mai kula da su. Sama musu katin shaida da sabunta na inshorar aiki ne babba tun kafin a sayi gado ko ɗaya.

Hidimar cikin gida ita ce inda nake so ki fi natsuwa, Hajiya. Na taɓa jinyar wata gwaggona da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, kuma abin da ya fi ba mu wahala shi ne gyambon kwanciya: wuri ne ɗan ƙarami ya yi ja a ƙugunta, muka ɗauka zafin katifa ne, kafin mako biyu ya buɗe. Mara lafiyan da ba ya motsi ana juya shi duk bayan kamar awa biyu, dare da rana, a tsane masa jiki, a duba ƙugu da diddige. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa 'yan sa-kai ba za su wadatar ba, dole a ɗauki ma'aikaciyar jinya mai takarda da masu kwana. A riƙa auna hawan jini da sukari, a rage gishiri a miya, a sassauta tuwo ga wanda haƙora suka zube, a sa maƙalai a banɗaki domin faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugun tsoho. A kuma ajiye kuɗin mota a gefe saboda daren da za a ruga asibitin Manhyia ko Komfo Anokye.

Sannan a kiyaye mutuncinsu: mace ta wanke mace, namiji ya wanke namiji, a kira su Baba da Inna, a taimaka musu da alwala, kuma kada a ɗauki hotunansu a watsa a Facebook domin neman taimako ba da yardarsu ba. Ranar da aka karɓi tsoho, a zauna da shi tun hankalinsa na tare da shi, a rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa da garinsu da wanda yake so a sanar, a kuma ware kuɗin likkafani da kabari cikin kasafin kowace shekara.