Injin yanka yadi ya cire mini yatsu biyu: wa zai biya diyya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Nima da ke Akra, kuma shekara biyu ke nan ina aiki a wani kamfanin ɗinka tufafi a ɓangaren Tema. A watan da ya wuce injin yanka yadi ya cire mini kan yatsu biyu na hannun dama, yanzu ko almakashi ba na iya riƙewa. Kamfani ya biya kuɗin asibiti na ranar farko, daga baya manaja ya ba ni 'yan kuɗi a ambulan tare da wata takarda, ya ce in sa hannu magana ta ƙare, wai ni ma'aikaciyar wucin gadi ce. Ban sa ba tukuna. Ana cire mini kuɗin SSNIT, wato hukumar fansho ta ƙasa, duk wata. Shin SSNIT ce za ta biya ni diyya, ko kuwa in karɓi abin da aka ba ni in yi haƙuri?

Wata mai karatu daga Nima, Akra

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Kin kyauta da ba ki sa hannu ba, kuma kada ki sa sai jami'in ƙwadago ya ga takardar, ya kuma lissafa abin da doka ta ba ki.

A Ghana nauyin diyyar rauni a wurin aiki yana wuyan mai kamfani ne, ba SSNIT ba. Dokar da ta tanadi haka ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 1987, wadda aka fi sani da PNDCL 187, kuma ta ce duk ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki kuma saboda aikin, wanda ya ɗauke shi ne zai biya kuɗin magani da diyya. Wasu kamfanoni kan sayi inshora domin irin wannan rana, amma ko sun saya ko ba su saya ba, wannan tsakaninsu ne da kamfanin inshora, haƙƙinki yana nan. Ba sai kin tabbatar da cewa sakacin kamfani ne ya jawo hatsarin ba. Abin da kan hana diyya shi ne idan maye ne sanadin raunin, ko kuma mutum ya ji wa kansa ciwo da gangan.

Dokar ta fayyace ma'auni. Idan ma'aikaci ya rasu, iyalan da ke dogaro da shi suna da albashin wata 60. Idan ya nakasa gaba ɗaya ta yadda ba zai sake aiki ba, yana da albashin wata 96. Naki kuwa nakasa ce ta dindindin amma a wani sashe na jiki, don haka likita ne zai duba hannun bayan ya warke, ya rubuta kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin aikinki kika rasa, sannan a ɗauki wannan kaso daga cikin wata 96 ɗin. A misali kawai, da likita zai rubuta kashi 10, lissafin zai kai kusan albashin wata goma. Ki auna wannan da abin da ke cikin ambulan, za ki gane dalilin gaggawar manaja. Ban da wannan, akwai biyan da ya kamata a riƙa yi miki a tsawon lokacin da kike jinya ba ki iya zuwa aiki.

Maganar wucin gadi ba ta da tushe. Dokar Ƙwadago ta 2003, wato Act 651, ta ce wanda ya yi wata shida ko fiye a jere yana yi wa mutum ɗaya aiki, a ɗauke shi a matsayin ma'aikacin dindindin. Ke kuwa shekara biyu kika yi, kuma cirar kuɗin SSNIT da suke yi ita kanta shaida ce a kansu.

Abin da nake jiye miki shi ne lokaci. Dokar diyya ta ba da wata shida daga ranar hatsari domin a sanar kuma a nemi diyya, kuma mutane da yawa a zangunanmu sun yi asarar haƙƙinsu ne saboda ana ta ce musu su dawo mako mai zuwa har wa'adin ya cika. Ki rubuta wa kamfani takarda mai ɗauke da rana da lokaci da yadda abin ya faru, ki sa a buga miki hatimi a kan kwafinki. Daga nan ki je ofishin ƙwadago na yankin da kamfanin yake ki tambaya ko an kai rahoton hatsarin, domin doka ta wajabta wa kamfani kai shi cikin kwana bakwai. Ki tafi da katin asibiti da rasiɗan magani da takardun albashi da hoton hannun, ki kuma riƙe sunayen waɗanda suke kusa da teburin yanka a ranar. Idan kamfani ya ƙi biya bayan an yi lissafi, maganar za ta iya zuwa kotu, kuma hukumar ba da taimakon lauya ta gwamnati tana karɓar waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. In akwai ƙungiyar ƙwadago a kamfaninku, ki sanar da wakilinta tun yanzu.

Game da SSNIT, aikinta daban ne. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2008, ana cire kashi 5.5 daga albashinki, kamfani ya ƙara kashi 13. Daga jimillar kashi 18.5, kashi 13.5 na zuwa SSNIT, ita kuma ta miƙa kashi 2.5 ga inshorar lafiya ta ƙasa, sauran kashi 5 na tafiya asusun fansho na mataki na biyu. Tana biyan fanshon nakasa, amma ga wanda kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya wani aiki ba sam, kuma ya yi zubi na wata 12 cikin wata 36 na ƙarshe. Da wuya raunin yatsu biyu ya kai wannan mataki. Duk da haka ki je ofishinsu da katin ɗan ƙasa ki nemi bayanin zubinki, don akwai kamfanonin da kan cire kuɗin a takarda amma ba su kai shi.

A ganina wannan tsari na barin diyya a hannun mai kamfani shi ne raunin dokar tamu, domin wanda ake bi bashi shi ne kuma mai ikon sallamar mai bin bashin, kuma idan kamfani ya durƙushe, babu wanda za a kama. A Nijeriya, tun dokar 2010, kamfanoni na zuba kashi 1 na albashin ma'aikatansu a asusun NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasar, daga can ake biyan wanda ya ji rauni. Ko Bangaladash, inda ginin Rana Plaza ya rufta a 2013 ya kashe ma'aikatan ɗinki fiye da 1,100, ta fara gwajin inshorar hatsarin aiki a 2022.

Idan an mayar da ke bakin aiki kuma injin bai da makari a bakin wuƙarsa, ko ba a ba mai yanka safar hannu ta ƙarfe ba, doka ta ba ki damar ki sanar da shugabanki ki kuma janye daga wurin, ba tare da an kore ki ko an yanke miki albashi saboda haka ba. Kina iya kai ƙorafin injin ga sashen masu duba masana'antu na gwamnati, kafin ya kama hannun wata.