Keken hanyar burji mai shokozoba: ya cancanci kuɗinsa a Sakkwato?

Malam, ka tambaya ko ka sayi keken burji mai shokozoba don zirga-zirga daga Sakkwato zuwa ƙauyukan Kware da Wurno. Shawarata, ka duba irin hanyar da kake bi tukuna.

Idan gargada ce mai jijjiga hannu har yatsu su yi sanyi, shokozoba na taimakawa ƙwarai. Wanda kamfanin RockShox ke yi mai suna Rudy yana lotsawa milimita 30 zuwa 40, Future Shock na kekunan Specialized kuwa milimita 20, a ƙarƙashin kan keke. Wuya da kafaɗu za su huta. Amma kan yashi ba abin da zai yi maka, nan faɗin taya ne ke aiki.

Nauyi kuma akwai shi, ƙafar gaba mai shokozoba irin Rudy ta haura kilo 1, marar shi kusan rabin haka.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Ana son a buɗe irin Rudy a canza mai duk bayan awa 50 na hawa, ga ƙurar hunturunmu da ke cin roba. Masu gyaran kekenmu gwanaye ne, sai dai robobin da man sai an yi odarsu. Shokozoban kamfanin Lauf ba ya amfani da mai, sifirin ne kawai mai lanƙwasawa, shi ya fi jure ƙura.

In kuɗi sun yi kaɗan, sa taya mai faɗin milimita 45, ka ɗan rage iska.