Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan takardar ƙwarewa a aikin kariya daga tururin nukiliya

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena da ya ajiye tambaya tun shekaranjiya, ka yi haƙuri da jinkirin amsa, na ga maganar ta fi ƙarfin rubutu a tsaitsaye, shi ya sa na jira sai da na samu natsuwa. Ka ce ka kammala lisans ɗin fizik a Jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai, ka ji labarin takardar da ake kira CHP a Amurka, kana so ka san ta inda ake bi a same ta.

Takardar gaskiya ce, kuma tana da daraja. Wata hukuma ce mai suna ABHP ke bayar da ita ga waɗanda aikinsu shi ne kare ma'aikata da jama'a daga tururin nukiliya, wato hasken nan da ido ba ya gani amma yake ratsa jiki. Jarrabawar kashi biyu ce. Kashi na farko tambayoyi 150 ne na zaɓen amsa a kan tushen ilimin, kashi na biyu kuwa rubutu ne da lissafi, inda za a ajiye maka matsala irin ta wurin aiki a ce ka warware ta. Sai dai abin da matasa ba su cika lura da shi ba, ba a barin mutum ya zauna kashi na biyu sai ya nuna ya yi shekara 6 yana wannan aiki, ko da yake babban digiri yana rage masa wani abu daga ciki. Ke nan takardar ba ƙofar shiga sana'ar ba ce, shaida ce ga wanda ya riga ya daɗe a ciki. Ga shi da Ingilishi ake yin ta, a kan dokokin Amurka da ma'auninsu: su har yanzu suna ƙirga tururin da jiki ya sha da ma'aunin rem, mu kuma da milisibat muka saba, rem 1 daidai yake da milisibat 10. Iyakar ma'aikaci a wurinsu rem 5 ce a shekara, wato milisibat 50, alhali ƙa'idar hukumar AIEA, wato hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ita ce milisibat 20 a shekara idan aka raba a kan shekara 5, sauran jama'a kuwa milisibat 1.

Shawarata ita ce ka fara daga gida, domin ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, mahaƙar Akokan kuma, wadda ke ƙarƙashin ƙasa, ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a watan Maris na 2021. Rufe mahaƙa ba ya nufin aikin awo ya ƙare, domin tulin dusar da aka bari yana ci gaba da fitar da iskar radon mai ɗauke da tururin nukiliya, kuma dole a riƙa bibiyar ruwa da iska da ƙasa shekara da shekaru. Nan Yamai akwai hukumar ARSN mai ba da izini da sa ido, akwai HANEA, wato hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, akwai cibiyar binciken nukiliya ta IRI a cikin jami'ar da ka fito, sannan cibiyar yaƙi da ciwon daji ta fara gashin ƙari da na'urar kobalt 60 a 2021. Kobalt ɗin nan ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, saboda haka kullum sai an sabunta lissafi. Ka ƙara da kowane ɗakin rediyo, wato na ɗaukar hoton cikin jiki, da na sikana a asibitoci, daga Yamai har Tawa da Agadas.

Bayan lisans ka nemi mastar a fannin fizik na nukiliya ko na asibiti. Sannan ka sa ido a kan kwas ɗin kariya daga tururi da AIEA ke shiryawa, wanda ake kira PGEC, mai ɗaukar kusan wata 5 zuwa 6. Ana yin na Faransanci a Maroko da Aljeriya, na Ingilishi kuma a Gana. Ba kai tsaye ake nema ba, ta hannun hukumomin ƙasa ake miƙa suna, don haka wanda ya riga ya shiga aiki ko sitaj a wurin da ake amfani da tururi ya fi samun hanya. Ni a ganina wannan kwas ya fi maka amfani a yanzu nesa ba kusa ba, domin a kan ƙa'idojin da dokokinmu suka ɗauko yake tafiya.

Bari in ba ka misali ɗaya na abin da shekarun aikin nan suke koyarwa. Na taɓa zuwa wani ɗakin rediyo, sakamakon dozimetir na wani ma'aikaci ya fito sama ƙwarai, har hankalin kowa ya tashi. Dozimetir ɗan ƙaramin abu ne da bai kai kwalin ashana ba, ana maƙala shi a ƙirji don ya tara adadin tururin da mutum ya sha. Kafin in rubuta komai sai na roƙi mutumin ya nuna mini yadda yake tashi daga aiki. Ya cire farar rigarsa, dozimetir na jikinta, ya rataye ta a wata ƙusa da ke cikin ɗakin na'urar, ya fita. Ashe duk hoton da masu aikin dare suka ɗauka, rigar ce ke sha, mai ita yana gida yana barci. A ɗaki na gaba kuma na tarar da akasin haka: takardar wata baiwar Allah fes, sifiri wata bayan wata, saboda nata dozimetir ɗin yana cikin durowa tun ranar da aka ba ta, wai kada ya ɓace a cire mata kuɗi. Ita ce ta fi tayar mini da hankali, ba shi ba.

Lissafin kansa ba shi da wuya ga mai lisans ɗin fizik: a rage lokaci, a ƙara tazara, a sa kariya ta dalma ko kankare, kuma idan ka ninka tazara sau 2 abin da zai same ka ya koma kashi 1 cikin 4. Wuyar tana wajen shawo kan babban likita ko shugaban ma'aikata ya tsayar da na'ura ranar da layi ya cika, kai kuma kana ƙaramin ma'aikaci.

Saboda haka tun ranar farko ka buɗe littafi, ka riƙa rubuta kowane awo da ka yi, da kowane rahoto da ka sa wa hannu, da wanda ya duba aikinka, domin ABHP tana neman shaidar waɗanda suka san aikinka da kuma rahoton da kai ka rubuta da kanka. Ingilishi kuma ka fara shi tun yanzu, ko da shafi ɗaya ne a rana. Idan ka haɗa takardunka na neman mastar, ka turo mini su ta gefe in duba kafin ka kai. Na gode, a gaida mutanen gida.